Ranar da Habibatu Ta Ce Ba 'Yarta Ba Ce

Rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan duwatsu, ladanan Ƙofar Ran sun fara gyaran murya, lokacin da wani ɗan dutse ya faɗo cikin ƙullun masar Habibatu. Tana durƙushe a ƙofar madafa. Ta ɗaga kai ta dubi katanga, har ta buɗe baki za ta yi wa yaran maƙwabta tas, sai ta fasa, domin dutsen da ta tsamo ba irin na unguwa ba ne. Baƙi ne sumul, da gansakuka a jikinsa, yana ƙarni irin na bakin ruwa. Wani ya sauka a kan kwanon ɗaki. Wani kuma ya faɗo tsakar gida daga sama, ta inda babu katanga babu bishiya, ya bar danshi a ƙasa.

'Yarta ta fari, Ni'ima, yarinya 'yar shekara goma, tana kan tabarma tana yi wa ƙanwarta tsifa. Ta saki gashin. Ta miƙe a hankali kamar wadda aka kira, ta juya fuska wajen zaure, ta yi magana da wata murya da ta girme ta nesa ba kusa ba.

"Na zo ɗaukar abata."

Sai mun koma baya kaɗan kafin a gane. Washegarin sallah ne Muktar, mijin Habibatu, mai sayar da hatsi a Kasuwar Muda Lawal, ya ce bana yawon sallah ba zai ƙare a gidajen dangi ba, bakin tafki za a je a sha iska kamar yadda abokansa suke yi. Ya ɗauki shatar mota. Aka loda tabarmi da kuloli, masa da miyar taushe, zoɓo mai ƙanƙara, har da mahaifiyarsa Dada, wadda ta yi ta mita tun daga gida cewa ita ba ta ga abin kallo a ruwa ba. Tafkin yana wajen gari tsakanin duwatsu, faɗinsa sai ido ya gaji. Ranar bakinsa kamar kasuwa. Samari sun ƙure kiɗa, 'yan mata na ɗaukar hoto ruwan na bayansu, masu kwale-kwale na kai mutane tsakiya su dawo da su suna ihu, hayaƙin gasasshen kifi ya cika ko'ina. Yara suka yi wasa har suka gaji. Ita kanta Habibatu, da ba ta cika sakin jiki ba, sai da ta tattare zani ta tsoma ƙafa.

Da la'asar sakaliya mutane suka fara watsewa. Habibatu ta gangara ɗauraye kuloli, Ni'ima na riƙe mata murafe, Dada na zaune kusa da su tana jan carbi. A kan wani dutse akwai wata mata zaune ita kaɗai, ƙafafunta cikin ruwa. Habibatu ta gaishe ta, ta yi mata barka da sallah. Matar ta amsa, ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta tambaya ko 'yarta ce.

To Habibatu tashin gidan Fulani ce, gidan da kunyar ɗan fari ta fi ƙarfin komai. Tun da ta haifi Ni'ima sunanta bai taɓa fita daga bakinta ba, a ɗaki ko a waje. "Ke" take ce mata, in zance ya kama ta ce "waccan". Ba ta taɓa goya ta a gaban mutane ba. Kuma ba ƙi ba ne. Allah ya sani, in yarinyar ta kwanta zazzaɓi Habibatu ko ruwa ba ya wuce mata maƙogwaro, sai dai ta tsaya bayan labule tana leƙen Dada na jinya. Haka aka yi mata, haka ta yi, har dangi na ba da misali da ita. Ga kuma suruka a zaune tana ji. Sai ta sunkuyar da kai ta yi murmushi ta ce a'a, ba tata ba ce. Matar ta sake tambaya, to ta wace ce?

"Tsintar ta aka yi. In kina so, ɗauke ta."

Dada ta yi dariyar jin daɗi. Matar ba ta yi dariya ba, godiya ta yi. Da Habibatu ta gama ɗauraya ta ɗago, babu kowa a kan dutsen, ita kuma ba ta kawo komai a ranta ba.

Tun daga yammacin da aka fara jifa, gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Da rana shiru, har mutum ya ce ya wuce. Rana na yin ja duwatsu za su fara sauka, ruwan randa ya juye ya koma warin laka, a riƙa jin wata tana guna-guni a cikin rijiya. Kayan jikin Ni'ima su jiƙe sharkaf ba tare da an zuba mata komai ba. Ta daina cin abinci. In aka kira salla sai ta nufi zaure, sai Muktar da maƙwabta sun taru kafin su iya riƙe wannan 'yar mitsitsiyar yarinya. An kai ta asibiti, an ɗibi jini, an ce ba a ga komai ba. An yi hayaƙi, an shafa man habbatussauda, an kunna karatu a waya, wayar ta mutu a hannu. Muktar ya rufe rumfa ya zauna a gida, ya rame ya yi zuru-zuru, yana ganin laifinsa ne da ya kwashi iyali ya kai su bakin ruwa.

Abin tausayi sai Habibatu. Mata na cika gidan suna jaje, ita tana bayan labule kamar kullum, ko hannun yarinyar ta kasa fitowa ta riƙe. Ta tuna matar kan dutse sarai. Dada ma ta tuna. Idanunsu kan haɗu, kowacce ta kau da kai.

Daga ƙarshe aka ɗauko Malam Abdulsalam daga Inkil, dattijo mai sanyin magana wanda ya daɗe yana ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka sallami 'yan kallo, ya zauna a gefen tabarma yana jira. Da haske ya fara dusashewa, duwatsu suka fara sauka, ya kama karatu. Ni'ima ba ta yi ihu ba, ba ta yi birgima ba. Tashi ta yi zaune, ta tanƙwashe ƙafa kamar tsohuwa.

"Malam, rage murya. Ni ba ɓarauniya ba ce."

Ya tambaye ta ko wace ce, da abin da ya kawo ta. Ta ce a tafkin nan take tun kafin mutane su san hanyarsa. Da aka fara zuwa da kiɗa da hayaniya danginta suka tashi, ita ta zauna ita kaɗai. Mutane na zuwa su ci su sha su watsa mata ƙashin kifi, ba mai ce mata sannu, sai mace ɗaya. Ta ce ta ga yarinya tare da macen, ta tambaya, ta sake tambaya, aka ce ba ta kowa ba ce, aka ce ta ɗauka.

Malam ya juya ya ce wa ya faɗi haka. Can daga bayan labule Habibatu ta ce ita ce.

Ya yi wa aljanar bayani a tsanake. Ya ce kunya ce irin ta mutanen nan, baki ne ya faɗa amma zuciya ba ta nufa ba, kuma ɗan Adam ba kaya ba ne balle a yi kyauta da shi. Ya ce ta ji tsoron Allah ta fita. Ta ce su a wurinsu abin da baki ya faɗa shi ne magana. Sai ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu. Jikin yarinyar ya sandare, ruwa ya fara fita ta hancinta da bakinta, ruwa mai laka, tana shaƙuwa tana kai hannu sama kamar mai nutsewa, alhali a kan busasshiyar tabarma take.

"Karatunka na ƙona ni," in ji muryar. "Ni kuma ina riƙe da ita a ƙasan ruwa. Ci gaba, mu ga wa zai riga."

Malam ya dubi leɓɓan yarinyar da suka fara yin baƙi. Ya dakatar da karatun. A iya shekarunsa bai taɓa yarda ya yi ciniki da aljani ba sai ranar. Ya ce ta faɗi abin da take so. Ta ce za ta ɗan saki yarinyar, kowa ya kira ta. Wanda ta amsa wa, tasa ce.

Muktar ya kira. Daga nesa, kamar daga cikin rijiya, aka ji 'yar siririyar murya ta ce, "Na'am, Baba." Dada ta kira, ita ma aka amsa mata. Saura mutum ɗaya.

Habibatu ta fito daga bayan labule ta durƙusa. Ga miji, ga suruka, ga baƙon namiji. Ta buɗe baki, sunan ya tsaya mata a wuya. Dada na kuka ta dafa ta.

"Kira ta, Habibatu. Kunyar me kuma ta rage? Kira 'yarki."

Ta kira. Sunan ya fito a karkace, kamar na wani yare da ba ta iya ba. Ta sake kira, ta sake, har ta ɗaga muryar da maƙwabta suka ji ta bayan katanga. Ƙwayar idon yarinyar ta motsa a ƙarƙashin fata, alamar tana saurare. Ta ji kiran. Amma a duniya ba ta taɓa jin sunanta da wannan muryar ba, kuma an hore ta tun tana ƙarama kada ta amsa kiran da ba ta san mai shi ba da magariba. Ba ta amsa ba.

"Kun gani," in ji muryar, ba tare da izgili ba. "Rabon uba da na kaka na bar muku. Rabon uwa da aka ba ni, da shi zan tafi."

Malam ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ta rantse. Yarinyar ta yi wata doguwar atishawa ta zube. Warin laka ya ɗauke daga ɗakin, kwano ya yi shiru.

Ana kiran isha'i Ni'ima ta buɗe ido. Ta ce tana jin yunwa. Ta kama hannun babanta, ta jingina da Dada, ta tambayi ƙannenta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ga matar da ke durƙushe a gabanta fuska jage-jage da hawaye. Ta yi sauri ta gyara ɗankwali, ta russuna ta ce mata ina yini. Ta raɗa wa Dada cewa ba a kawo wa baƙuwa ruwa ba. Ba wanda ya iya hana ta. Ta tashi tana tangaɗi ta je randa, ta dawo da kofi, ta durƙusa ta miƙa.

Habibatu ta karɓa da hannu biyu.

"Na gode, Ni'ima."

Yarinyar ta juya ta dubi Dada, tana mamakin inda baƙuwar ta san sunanta.