Baki Ɗaya, Baƙi Huɗu

Ana gab da magariba dutse na farko ya fasa gilashin tagar falo. Umma na ninke kaya. Auta, 'yarta, na share gaban tebur, inda kwamfuta ke zaune da akwatin marigayi mai gidan.

Faifai biyar ne a akwatin, waya ɗaya ta haɗa su da kwamfuta. Shekaru kwamfutar na ganin na farko kaɗai, sauran huɗun kamar babu su, alhali muryar marigayin na ciki. Ranar ne Yaya, babban ɗa, ya samo manhajar da ke kiran sauran. Ya ce sunanta direba. Umma ta ce direban da ba ya neman kuɗin mai ai abin riƙewa ne. Fitilu biyar na jikin akwatin suka kama.

Sai duwatsu.  Auta ta saki tsintsiya, ta juyo da idon da ba nata ba.

Kwana da kwanaki ba ta ce Umma ba. Aka kira malam.

Ya yi karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar, ta ce wurin da ido ba ya kaiwa nasu ne, a faifan nan huɗu suke zaune, an haska an tashe su. A sallami direban, su saki yarinyar.

Yaya ya miƙa hannu ga kwamfuta. Umma ta buge hannun.

"Gidan mijina, muryar mijina, 'yar mijina. Wanne kuka zo da shi? Ko sallama ba ku yi ba."

Malam ya ƙara karatu. Muryar ta shiga ciniki, ta sauko daga neman faifai huɗu zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa tsohuwar rediyo. Umma ta ce ko ƙusa. Daga ƙarshe muryar ta yi rantsuwa ta fita. Auta ta yi atishawa, ta lafe.

Yaya ya fara godiya, amma malam bai tashi ba. Akwatin yake kallo. Ya tambayi yadda waya ɗaya ke ɗaukar biyar, Yaya ya ce na gaba ne ke amsawa, sauran sai an kira su.

Malam ya matsa kusa da yarinyar. "Na bayansa, fito."

Aka ji dariya siririya. Haka ya bi su har ta huɗu, tsohuwa mai tari, wadda ta roƙi a bar ta ta tafi salin-alin. Umma ta ce sai an kwashe duwatsu, an gyara taga.

Auta ta buɗe ido. "Umma, ƙishirwa."

Da safe aka tarar da duwatsun jere a bakin ƙofa. Tagar kuwa har yau kwali ne. Umma ta hana Yaya sa gilashi. Wanda ya fasa shi zai gyara.