Hayaƙin da Ba Ita Ta Sha Ba

Tari ya turnuƙe Mai ɗinki har ta kifa kai a kan kekenta, da ta ɗago sai ga jini a ƙyallen hannunta. Ranar aka kai ta asibiti, bayan an sha gwaje-gwaje likita ya ce kansar huhu ce. Wayyo Allah! Baiwar Allah da ko warin taba ba ta so...

Mijinta direba ne, kuma tun aurensu yake shan sigari a ɓoye. Don kada mahaifiyarsa ta ji labari, sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa da taga ya yi ta busawa, ita tana gefe tana ɗinki. Ta yi magiya har ta gaji, ta koma rufa masa asiri.

Da yayar mijin ta zo kwasar mata kayan jinya, ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, sai ga gwangwani cike da guntayen sigari. Ta wuce da shi asibiti, ta dire a kan gadon marar lafiya a gaban mutane.

“Ashe abin da kike yi ke nan, munafuka? Namiji ya sha a ce ya yi laifi, balle mace! Kin jawo wa kanki, kin jawo mana abin kunya!”

Mai ɗinki ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai. “Yaya, Allah ya sani...” Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan, kuka ya ci ƙarfinta.

Likita ya ce, “Hajiya, ki yi a hankali. Maza sun fi yawa a masu wannan ciwo, amma ina ganin mata da ba su taɓa sa sigari a baki ba. Zama cikin hayaƙin wani ma yana jawo shi.” Yayar ta taɓe baki ta fice. Ta bi gida-gida da labarin, masu kawo ɗinki suka janye, masu dubiya suka ɗauke ƙafa, sannan ta ɗauke 'yar Mai ɗinki ɗaya tilo, wai kada uwa ta koya mata. Aka yanke wa baiwar Allah ɓangaren huhu, ta farfaɗo babu kowa a kanta, tana hawaye tana cewa, “Ya Allah, kai ne shaidata.”

Rannan surukarta, wadda ita ma ta yarda da zancen, ta biya gidan ɗanta ba sanarwa. Tun daga tsakar gida wari ya tare ta. Ta tura ƙofa, ga shi zaune cikin hayaƙi, sigari a bakinsa!

“Inna...”

“Kada ka kira ni! Matarka tana can an tsaga ƙirjinta, kana nan kana ƙarasa abin da ka fara? Kana tsaye aka ci mutuncinta!”

Tsohuwa ta karɓo jikarta, ta tasa 'yarta, yayar mijin, a gaba har asibiti, ta riƙe hannun Mai ɗinki tana kuka. “'Yata, ki yafe mana, mun zalunce ki.” Ta sa yayar ta koma duk gidan da ta kai ƙarya ta warware da bakinta, mata na bin ta da tsaki.

Da aka sallami Mai ɗinki, gidan Inna ta wuce da 'yarta. Mijin ya zo biko, tsohuwa ta tsayar da shi a bakin ƙofa.

“Koma. Sai ranar da ita da kanta ta ce ka shigo.”