Igiyar Nama a Filin Zahir

Tun daga nesa Ummulkhairi ta hango babu igiyar.

Ta dire kwanon da ke kanta ta ruga. Naman layyar da ita da Innarta suka yi ta jidowa daga Mina, suka yanyanka suka barbaɗe da gishiri suka shanya a igiya tsakanin turakun golan filin ƙwallo, ga shi nan zube a ƙasa, ƙudaje sun yi masa baƙi ƙirin. Lurwanu na tsaye cikin farar jallabiya, ya toshe hanci da hankici, wasu Larabawa biyu a gefensa.

"Yaya Lurwanu... wa ya yanke mana igiya?"

Ko kallonta bai yi ba. Ɗaya Balaraben ya tambaye shi ko ya san ta. Da Larabci ya amsa, wai Takari ce, ragowar alhazan da suka ƙi komawa gida, duk shekara haka suke cika wa mutane unguwa da ɗoyi.

Ta ji sarai. A goye aka shigo da ita Makka, ba a yi Larabcin da za a zage ta da shi ta kasa ganewa ba.  Ta tsuguna tana tsincewa, tana kakkaɓe ƙasa.

Wannan Lurwanun fa shi ne mai zuwa ƙofarsu da la'asar yana kiranta "Ummuna, hasken idona" ta bayan labule. Haihuwar Makka ne, kakansa ya zo a ƙafa daga Sakkwato, amma su sun samu takardar ƙasa. Lokacin aikin hajji yana tuƙa bas zuwa Muzdalifa, sauran shekara kuwa rayuwarsa ƙwallo ce. Shi ya tattara yaran Hausawan unguwar Zahir, ƙafa ba takalmi, ya koya musu miƙa wa juna ƙwallo maimakon kowa ya yi ta gudu da ita kamar ya sato. Ƙaninta Ɗan'auta ne mai tsaron gida. Bana sun doke unguwanni ɗaya bayan ɗaya har suka kai wasan ƙarshe, Larabawan nan ma masu shirya gasar ne suka zo duba fili. Kuma duk ƙarfin da yaran ke taƙama da shi, daga busasshen naman Innarta, Inna Hajo, ya fito. Shi kansa gogan ba ƙaramin ci yake yi masa ba, har da lasar yatsa.

Sai da ta koma gida ta gane inda gizo ya yi saƙar. Ramlatu, 'yar ƙanwar mahaifiyar Lurwanu, wadda tuni dangi suka so a haɗa su, ita ta tako har ɗakin Inna Hajo da fara'arta ta ce filin a sake yake, ba za a taɓa ƙwallo ba sai sabon wata, su shanya abinsu. Alhali a gaban Ramlatun aka sa ranar zuwan baƙin.

Makircin Ramlatu bai dame ta ba. Ai Ramlatu ba ita ta buɗe masa baki ta zuba masa maganar ba.

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Iyaye mata suka hana 'ya'yansu fita, Lurwanu ya yi ta busa usur a fili shi kaɗai, sai awaki ke ɗaga kai. Da abin ya ishe shi, sai ga shi a ƙofar su Ummulkhairi.

"Ummuna... ki saurare ni, don Allah."

Ta tsaya a bayan labule. Ya yi ta bayani, wai da ya nuna ya san ta da an ɗauke wasan daga Zahir, da ma an fara binciken yaran da ba su da iƙama, takardar izinin zama. Wai don su ya yi.

"Don ni ka zo, ko don 'yan wasanka?"

"Duka, habibti, masoyiyata. Wallahi duka."

Amsar ta ƙara mata ƙyamarsa, amma ta tuna Ɗan'auta da ke kwana rungume da ƙwallon tsumma. Ita da kanta ta bi gida-gida tana ba mata haƙuri, ta ce laifin babba bai kamata ya hau kan yara ba. Washegari fili ya cika. Lurwanu ya dage, yana sa su gudu cikin yashi tun da sanyin safiya, yana ta buga wa Ɗan'auta ƙwallo ta hagu, inda ya san nan ne rauninsa.

Ranar wasa ta hau soron maƙwabta tare da sauran mata. Yaran suka ci ɗaya, suka tsare gida kamar ransu. Dab da tashi aka ba abokan karawa bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ɗan'auta ya yi tsalle hagu ya cafke. Zahir ta kaure da guɗa, ita ma ba ta san sanda hawaye suka zubo mata ba. A ranta ta ce wataƙila ta tsananta, mutumin da ya iya raino irin wannan ba zai rasa alheri ba.

Da yamma ya zo cike da murna.

"Albishirinki, Ummuna! Ummata ta amince da aurenmu!"

Daɗi ya kama ta duk da fushin. Sai ya ci gaba, hankalinsa kwance kamar mai lissafa kayan lefe. Sharaɗin ba wani mai wuya ba ne, in ji shi. Za ta bar harkar nama har abada. A gidansu ba a Hausa in akwai baƙi. Inna Hajo kuma ba sai ta riƙa zuwa ba, saboda maƙwabta, su za su riƙa leƙo ta jefi-jefi.

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce tayyib, na yarda mana. Ai mun yi nasara, ko?"

Ta ji motsi a bayanta. Ashe Inna Hajo na tsugune bakin murhu, duk ta ji. Tsohuwar ta taso a hankali, tana goge hannuwanta a zani, tana ɓoye su kamar ta yi laifi.

"Karɓi, 'yar nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Yaron kirki ne, ga takarda. Ni dama ina ni ina yawon gidajen mutane? Kafin biki zan yi ta wanke hannun da lemun tsami, ba mai jin komai."

Nan ne zuciyar Ummulkhairi ta karye, son ya fita fit, ko ɓurɓushi bai rage ba. Ta kamo hannuwan nan masu kaushi, duk tsagar wuƙa da cin gishiri, ta riƙe gam.

"Ummuna? Me kika ce?"

"Ka gaida Umma, Lurwanu. Ka ce mata Ramlatu ba ta da uwar da za a ɓoye."

Ta tura ƙyauren ta saka sakata. Yana ta ƙwanƙwasawa yana kiran sunanta, ita kuwa ta zaunar da Innarta a tabarma, ta jawo akushi, suka sa hannu tare.