Ƙarnin Kifi da Ƙamshin Ambar

Ranar da Dogo ya fara shiga kantin turaren, sanyi ya kai inda mutum ba ya son fito da hannu daga aljihu. Ya tura ƙofar gilas, ya raɓe can jikin bango kamar mai jiran a kore shi.

Mata biyu ne a gaban kanta. Ɗaya ta waiwayo, ta ja gyale ta toshe hanci, ta zunguri 'yar'uwarta. Ba su jima ba suka ɗauki ledarsu suka fice.

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya saba. Shekara shida yana aiki a ɗakin sanyi na kasuwar kifi, yana sauke kwalaye daga mota, yana fasa ƙanƙara, yana yanka. Wanka biyu yake yi kafin ya shiga mutane, amma ƙarnin ya riga ya kama rigar sanyinsa da ƙasan farcensa. Ko a bas, kujerar da ke kusa da shi ita ce ƙarshen cika.

"Malam, daga can za ka yi cinikin?"

'Yar mai kantin ce, wadda kowa a layin yake kira Auta. Gajeriya ce, mai manyan idanu, ta naɗe wuyanta da mayafin ulu.

"A'a, nan ma ya isa," in ji shi. "Turare nake so. Mai ƙarfi. Wanda ya fi kowanne ƙarfi."

"Mai ƙarfi ko mai ɗumi? Ba ɗaya ba ne fa. Matso mana, ba na cizo."

Ya matso taku ɗaya, ya ƙara ɗaya, yana satar kallon fuskarta, yana jiran ta yamutsa. Ba ta yamutsa ba. Ta jero kwalabe uku a kan gilas.

"Lokacin sanyi ba a sa turaren lemo ko na fure, kafin ka kai bakin titi iska ta kwashe. Abin da ke zama a jiki ake nema. Wannan sandal ne, mai laushi, na masu kunya. Wannan ud ne da kanumfari, shi ke shiga ɗaki kafin mai shi. Wannan kuma ambar ne da ɗan kirfa, kamar ka jingina da bangon da rana ta dasa masa zafi."

"Wanne ya dace da ni?"

Ta ɗaga kai ta dube shi tun daga sama, har sai da ta ɗan ja baya saboda tsawonsa.

"Yadda ka tsaya a bango, na masu kunya ya kamata in ba ka. Amma ɗauki ambar. Kana bukatar ɗumi."

Dogo ya fita daga kantin da kwalba a aljihu, zuciyarsa na tsalle. Tunda ya fara aikin kifi, wata mace ba ta taɓa tsayawa kusa da shi haka ba tare da ta kau da fuska ba.

Abin da bai sani ba shi ne, Auta ba ta ji ƙarnin ba ko kaɗan. Wata bakwai kafin nan ta yi zazzaɓi da mura mai tsanani. Ta warke, amma hancinta bai dawo ba. Fure da hayaƙi duk ɗaya suke a wurinta. Ta kasa gaya wa mahaifinta, wanda kullum yake bugun ƙirji a gaban masu ciniki yana cewa, "Hancin Auta ya fi nawa, ita za ta gaji kantin nan." Sai ta haddace kwalabe da wurin zamansu, tana fesa turare a takarda, tana lumshe ido tana cewa "masha Allah" kamar gaske. Mutum ɗaya ne ya sani, Mai Kyamis na maƙwabtaka, wanda take sayen maganin ɗigawa a wurinsa, wanda kuma ya daɗe yana sonta tana zillewa.

Dogo ya dawo bayan kwana huɗu, wai murfin kwalbar ya ɓace. Ya sake dawowa, wai yayarsa na son na mata. A zuwa na huɗu Auta ta ce, "In lambata kake so, ka faɗa, kada ka ƙarar da albashinka."

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Salam. Dogo ne, mai ambar. Ya kamata ki sani tun yanzu, kifi nake yankawa. In kin ga kada in sake zuwa, ba zan ji haushi ba."

Ta mayar masa:

"Wa'alaikas salam, Dogon mutum. Kifi dai halal ne ko? To ka zo gobe, ka sa safar hannu, na ga yatsunka duk sun tsage."

Daga nan soyayya ta kama. Yana ce mata Ɗumin Raina, tana ce masa Dogona. Yakan tsaya a bakin kanta bayan la'asar, su yi ta hira har gilashin ƙofa ya yi gumi.

Wata rana ya ce, "Kin san abin da ya sa na mace a kanki? Ke kaɗai ce ba ki taɓa toshe hanci ba. Kina jin komai fiye da kowa, amma ko sau ɗaya ba ki nuna mini ba."

Maganar ta soke ta. Ta buɗe baki za ta faɗa masa, sai ta ga yadda idanunsa suka cika da murna. Ta juya tana goge kwalbar da ba ta da datti.

"Bari wannan zancen, Dogona," ta ce a hankali.

Baba, mahaifin Auta, bai yi na'am ba da labarin ya kai masa.

"Shekara talatin ina sayar da ƙamshi," ya ce wa Auta, "sai in ɗauki 'yata in kai ta gidan da ko labule ƙarni yake yi? Ke da hancinki, kwana nawa za ki yi?"

"Baba, yana da hali."

"Ban ce ba shi da hali ba. Ki ce ya zo in gan shi."

Dogo ya zo ranar Asabar da rana, ya yi wanka uku, ya ari jaket ɗin mijin yayarsa. Yana durƙusawa a gaban Baba cikin kantin, sai ga Mai Kyamis ya shigo da farar rigarsa, riƙe da ƙaramar leda.

"Baba, barka da ciniki. Ga maganin Auta, sabo ne, an ce ya fi wancan." Ya juya ya dubi Dogo yana murmushi. "Kai kam ka dace, ɗan'uwa. Wa ya kai ka sa'a, mai kifi ya samu wadda ba ta jin wari."

Baba ya ɗago. "Wace ce ba ta jin wari?"

"Au, ba ta faɗa muku ba? Ai an fi wata bakwai."

Baba ya miƙa hannu ya ɗauko kwalba daga ƙasan kanta, ya rufe takardar jikinta da tafinsa, ya kai wa Auta saitin hanci.

"Mene ne wannan?"

Ta shaƙa. Ta sake shaƙa. Hawaye suka zubo mata.

"Miski ne, Baba," ta ce.

Sinadarin goge gilas ne.

Auta ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗakin ajiya. Mai Kyamis ya ajiye ledar ya sulale, don ya ga abin ya wuce inda ya nufa. Dogo kuwa ji ya yi kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Duk abin da ya ɗauka ƙauna ce, ashe rashin ji ne. Ya miƙe, ya ce, "Na gode, Baba," ya fita bai waiwaya ba.

Saƙonta ya same shi a bas:

"Dogona, na yi maka laifi. Kunya ce ta hana ni faɗa, ba wayo ba. Ka yafe mini."

Ta sake turowa washegari:

"Ko zagina ne ka yi, amma ka amsa."

Sai a rana ta uku ya amsa:

"Ban riƙe ki ba, Auta. Amma ranar da hancinki ya dawo, za ki dube ni yadda kowa yake dubana. Gara ki tuna ni a yadda kika san ni."

Yayarsa ce ta lura ya daina cin abinci. Da ta ji labarin ta riƙe haɓa.

"Kai dai Dogo tsawon ne kawai. Yarinya ta ga hannunka ya tsage ta ce ka sa safa. Da hanci ta gani? Ita tana can da tata kunyar, kai kana nan ka rungumi taka kamar jariri."

Dogo ya san gaskiya ta faɗa, amma ƙafarsa ta ƙi bin layin kantin.

A can kuma Baba ne ya kasa haɗa ido da 'yarsa. Wata bakwai da ƙari tana gabansa tana fama, shi yana yabon hancinta. Da safe ya same ta tana jera kwalabe, ya tsaya a bayanta.

"Auta, ni na sa kika kasa faɗa mini. Ɗauko mayafinki, asibiti za mu."

Likita ya rubuta magani, ya kuma ce ta riƙa shaƙar kanumfari da ɓawon lemo safe da yamma, ko da ba ta jin komai. Baba da kansa yake riƙe mata. Sati biyar babu labari. A na shida, tana wanke kwanuka, ta ɗago kai ta ce, "Umma, albasarki na ƙonewa." Mahaifiyarta ta saki ludayi ta fashe da kuka.

Washegari Auta ta ce, "Baba, kai ni kasuwar kifi."

Ya dube ta ya daɗe, sannan ya ɗauki makullin mota.

Ɗakin sanyin na can ƙarshen kasuwa, ƙasa duk ruwan ƙanƙara. Dogo na tsaye da rigar roba da takalmin ruwa, ɓawon kifi ya manne masa har gwiwar hannu. Da ya hango su, wuƙar hannunsa ta kusa faɗuwa. Ya ja baya har ya bugi firiza.

"Kada ki matso, don Allah."

Ta matso. Ƙarnin ya buge ta har idanunta suka kawo ruwa, ta yi tari sau biyu. Abokan aikinsa suka tsaya cak suna kallo.

"Ya dawo," ta ce. "Ina ji."

Dogo ya runtse ido. "To kin ji."

"Na ji. Akwai ƙarni, Dogona, sosai ma, ba zan sake yi maka ƙarya ba. Sai me? Ka ga na gudu?"

Ya buɗe ido. Tana nan tsaye, takalminta cikin ruwa, hancinta ya yi ja, tana hawaye tana dariya.

"Ɗumin Raina," ya ce, "ni ne na gudu. Ki yafe mini."

Baba ya yi gyaran murya. Ya dubi kwalayen da aka jera tsaf, ya dubi tsagaggun hannayen saurayin, ya cire hularsa ya sake mayarwa.

"Yaro, na yi maka rashin adalci. Ka ce wa manyanka su zo. Yanzu dai ku bar ni in fita, ni ban kai ta juriya ba."

Dariya ta ɓarke a ɗakin sanyin, har da masu tafi.

An ɗaura auren kafin sanyi ya wuce. Har Mai Kyamis ya zo, ya tsaya can baya, ya miƙa wa ango hannu kansa a ƙasa, Dogo ya riƙe hannun da kyau.

Ana watsewa, ango ya ja gefe, ya rubuta:

"Alhamdu lillahi, Ɗumin Raina, kin zama tawa. Wallahi ji nake kamar in ɗauke ki in zaga gari da ke a kafaɗa. Ina sonki har ban san inda zan sa kaina ba."

Ya tura. Can cikin taron, wayar Baba ta yi ƙara.

Dogo ya duba tasa, ashe ba Auta ya tura wa ba. Ya ga surukinsa ya ciro tabarau, ya karanta a tsanake, ya soma dannawa da yatsa ɗaya. Amsar ta shigo:

"Ɗana, wannan lambar surukinka ce, kuma na yi maka nauyi a kafaɗa. Ka riƙe mini ita amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa kada ɗayanku ya sake jin kunyar faɗa wa ɗaya abin da ke damunsa."

Dogo ya rufe fuska da hannun riga. Daga bayan hannun rigar, a hankali, ya ce, "Amin, Baba."