Wanda Injin Ya Tambaya

Shekarar ta ɗan kwanta mini, ko casa'in da takwas ko da tara. Damina dai ce. Salihu mai gyaran kwamfuta ya iso Kafanchan daf da magariba, zai haɗa wa wata ƙungiyar masu citta babban injinsu na kwamfuta da layin intanet na Kaduna.

Irin wannan inji bai san suna ba, lamba ya sani. Sai an rubuta masa lambar wani injin da zai riƙa tambaya: wane yana ina? To, takardar da aka rubuto wa Salihu lambar ta jiƙe a aljihu, ƙarshenta ya goge. Bakwai ne ko ɗaya? Ya ƙi komawa gida Sabon Tasha hannu rabbana. Ya sa bakwai.

Ofishin na ƙamshin citta da jiƙaƙƙen siminti. Roseline sakatariya na tsaye riƙe da makulli.

Al'adarsa ce ya fara gwaji da sunan da ba na kowane inji ba, don ya ga an ce babu. Ya buga sunansa, har da na mahaifi.

Amsa ta fito: An same shi.

"Oga," in ji Roseline ƙasa-ƙasa, "wayan fa, ban sa ba tukuna."

Ya duba. Ga wayar tarho a ƙasa, a naɗe.

Ya goge lambar, ta dawo. Ya sake, ta dawo. Ya zare injin daga bango. Rubutun bai mutu ba.

Kwaɗin bayan ofis suka yi tsit.

Taku a kan tsakuwa. Ba sauri.

"Salihu."

Muryar mahaifiyarsa ce, wadda ya binne bara.

Ya nemi addu'a, ko ɗaya ba ta zo ba. Bakinsa ya buɗe da kansa. Na'am ta taso har maƙogwaro.

Roseline ta toshe masa baki da tafinta. "Kar ka amsa. Jinin Yesu, kar ka amsa!"

"Salihu."

Yanzu a bayan kunnensa, da sanyin numfashi.

Ta fizge shi suka fita ta ƙofar baya. Ba ta cire hannunta ba sai a tashar jirgi, cikin mutane.

Salihu ya bar aikin, ya koma noman doya a Kagoma. Har yau, in rana ta karkata, muryar na kira daga bakin gona. Shi ya sa ba ya amsa wa kowa. In abinci ya sauka, matarsa kwano take bugawa.