Gwangwanin Yajin Inna

"Wa ya taɓa min gwangwanin nan?"

Siddiƙa ce ke tambaya, tana tsaye a bakin ɗakin girki da ɗan gwangwanin madara a hannu, tana leƙa cikinsa. Mijinta Harisu yana tsugune yana ɗaure kwalin burodi a bayan moto, wato babur ɗinsa. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Wa zai taɓa in ba ni ba? Mu biyu ne a gidan."

"Kwanan nan fa na cika shi, Yaya. Dubi... har gindinsa nake gani."

"To ai ci muke yi."

"Ni dai ban ci ba."

Ya ja igiyar ya ƙulle, ya ce rana na yi masa, ya tura moton waje. Nan ya bar ta tsaye, zuciyarta na raya mata abin da ba ta so.

Ba don yaji ya yi wuya a Arlit ba. Wannan na dabam ne. Haɗin Inna ne, mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta: ƙuli-ƙuli da barkono da citta da masoro da kimba, sai ɗan kanumfari da ake fara gasawa kafin a daka. Duk garin Siddiƙa kaɗai ta iya shi yanzu, kuma ba na sayarwa ba ne.

Shi Harisu kuku ne a ɗakin cin abincin kamfanin haƙar ma'adini a da. A can ya koyi burodi da sosis, wanda Nasaru ke ce wa hot-dog. Da aka rufe ramin haƙar aka sallame su, sai ya kafa teburinsa a bakin tashar motocin da ke zuwa Tchibarakaten, wurin haƙar zinariya, yana niƙa naman saniya yana ɗura sosis ɗinsa da kansa. Kowa da yadda yake so, shi kuma ba ya mantuwa. Masu haƙar zinariya sai mayonez ta zubo musu har gwiwar hannu. Direbobi a soya a mai, a fasa ƙwai. Akwai wani Buzu, Akoli, shi mutar kawai, kirim ɗin nan rawaya mai hawa hanci, in ya ga albasa faɗa ne.

Nata kuwa ba irin na kowa. A ƙwaƙule cikin burodin, a tsaga sosis a gasa a kan gawayi ba mai, albasa ɗanya siri-siri, yajin Inna a ƙasa, ba a sama ba. Tun suna zance ya haddace. Ranar da ya fara miƙa mata, da bakinsa ya ce,

"Wannan naki ne ke kaɗai, Siddina. Ko wa ya zo, ba zan yi masa irinsa ba."

Maganar da ta riƙe ke nan lokacin da mahaifinta, Malam Ramalan, ya tayar da ƙura. Tsohon mai tsire ne daga Tahoua, ya ce naman da aka niƙe aka cusa a hanji har ba ka gane asalinsa ba nama ba ne, mai sayar da shi kuma ba mai sana'a ba ne. Sai da Inna ta roƙe shi a kan gadon ciwonta kafin ya ba da auren. Amma ya rantse ba zai taɓa cin abin hannun Harisu ba, kuma Harisu bai taɓa wuce zauren gidansa ba.

Duk wannan ta shanye saboda mutumin nan. Yanzu kuma yajinta na tafiya inda ba ta sani ba? A'a, da sake.

Bayan la'asar ta yafa mayafi ta nufi tasha. Ba ta ƙarasa teburin ba, ta laɓe a bayan wata babbar mota da ake yi wa lodin jarkoki. Ta ga ya sallami direba biyu. Har ta fara jin kunyar kanta, sai ga Mairamu.

Mairamu dai bazawara ce, maƙwabciyar gidan Baba a unguwar Akokan, doguwa mai wushirya, wadda ko gaisuwa za ta yi sai ta haɗa da dariya. Tana isowa Harisu ya washe baki. Bai tambaye ta me take so ba. Ya ɗauki burodi ya ƙwaƙule cikinsa. Ya tsaga sosis ya ɗora a gawayi. Sannan ya waiga dama da hagu, ya zaro wani ɗan ƙullin leda daga aljihun gaban rigarsa, ya barbaɗa a ƙasa, ba a sama ba.

Siddiƙa ta gane shi tun daga nesa. Yajin uwarta, wanda ta daka har hannunta ya yi kanta, a aljihun da ke kan ƙirjinsa, don wata! Ya naɗe a takarda, ya ƙara wata takardar don kada ya huce. Mairamu ta faɗi wata magana, suka yi dariya tare, ta hau kabu-kabu ta tafi.

"Sannu da aiki, Malam."

Harisu ya juyo, wuƙar hannunsa ta kusa faɗuwa.

"Siddina... yaushe kika zo?"

"Kada ka ƙara ce min Siddina. Na wa ka naɗe yanzu?"

"Ciniki ne."

"Ciniki? Tun yaushe yajin Inna ya shiga ciniki?"

"Rage murya, mutane na kallonmu."

"Su kalla. Mata nawa ke zuwa nan, ka taɓa jin na yi magana? Ka zuba musu mayonez har su shiɗe, ba ruwana. Amma nawa, Harisu? Wanda ka ce ni kaɗai?"

Yau ce rana ta farko da ta kira sunansa gatsau. Ya ji, kuma ya nuna a fuskarsa.

"Wallahi ba abin da kike zato ba ne."

"To mene ne?"

Ya goge hannu da tsumma.

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Ka yi mata alkawari..." Muryarta ta karye. "Ni nawa alkawarin fa? Na ɓata da ubana saboda kai. Ba ni ledar nan."

Ya miƙa mata. Ta fizge, ta ce in ya koma gida kada ya neme ta, tana gidan ubanta. Ta tare kabu-kabu, hawaye na bin kumatunta tun daga tasha har Akokan.

Abin haushi, tana sauka sai ga Mairamu na fitowa daga zauren Baba hannu wofi.

"Lah, Siddiƙa, ke ce..."

Ko kallonta ba ta yi ba, ta raɓa ta shige da sallama ciki-ciki. A tsakar gidan ta tsaya cak. Ƙamshi ne ya tsayar da ita, ƙamshin da ta sani tun tana goye.

Baba na zaune a tabarma a bayan rumfa, ya ba ƙofa baya. Tun rasuwar Inna ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, duk kwanon da ta aiko sai ya dawo kusan yadda ya je. Yana jin motsi ya yi wuf ya tura wani abu ƙarƙashin babbar rigarsa. Sai dai ya manta da gemunsa. Yaji ne ja a kan furfura.

"Mi ya kawo ki war haka?" ya tambaya, baki cike.

"Baba... me kake ci?"

"Ba komi."

Ta durƙusa a gabansa. Gefen takardar na leƙowa daga rigar, takarda biyu a haɗe. Ta dube ta, ta dubi ledar da ke hannunta, sai ta gane.

Mairamu ta biyo ta, ta tsaya daga nesa tana murza yatsu.

"Ni Baba yake aika, Siddiƙa. Isufu mahauci ne ya ce masa a wurinsa mijinki ke sayen nama, yankan safe. Shi ne ya ce in sayo masa ya ga ƙaryar da ake ci, amma kada in ce nasa ne."

"Kuma ba ki faɗa ba," in ji Baba, yana hararta.

"Ban faɗa ba, Baba. Surukinka ne ya gane da kansa."

Ƙarar moto ta mutu a waje. Harisu ya yi sallama, ya tsaya a bakin zaure inda ya saba tsayawa, ko rigar aikinsa bai cire ba.

Baba ya zaro burodin a hankali ya ajiye a kan tabarma, ya ture shi gefe. Siddiƙa ta bi burodin da kallo. Ta san halin ubanta, in ya ture abu ya ture ke nan. Abu ɗaya da yake iya haɗiya a duniya, ita da kishinta sun zo sun raba shi da shi.

"Kai," Baba ya ce, bai dubi zauren ba. "Ya aka yi ka sani?"

"Ta ce a ƙwaƙule ciki, a gasa ba mai, yaji a ƙasa," Harisu ya amsa, kansa a sunkuye. "Duk Arlit mutum ɗaya na sani mai cin haka, Baba, kuma ta gaya min wanda ya koya mata. Shi ne na sa na gida maimakon na tebur. Na roƙi Mairamu ta yi shiru, ita ma ta roƙe ni. Mun ji tsoron in ka san na sani, za ka daina ci."

"Yaji a sama ai leɓe yake ƙonawa, harshe bai samu ba," Baba ya yi gunaguni, kamar da kansa yake.

Siddiƙa ta fashe da kuka.

"Baba, don Allah ka ci. Laifina ne. Na zaci... na zaci wata yake ba wa."

Tsohon ya daɗe yana kallon ledar hannunta. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Tun da uwarki ta tafi, komi na sa a baki ƙasa nike ji. Ran da na gutsuri wannan, sai na ji kamar tana cikin ɗakin can tana daka." Ya share ido da bakin rawani. "Rantsuwata na karya tun tuni, Allah na gani. Kunya ta hana ni yin kaffara a fili."

Ya jawo burodin ya dawo da shi gabansa.

"Shigo mana, ka tsaya nan kamar baƙo. Mabuƙata goma zan ciyar, kai za ka gasa, a nan gidan. Amma wutarka ta yi yawa, kana ƙona baki-bakin. Gobe ka zo da gawayinka in nuna maka."

Harisu ya cire takalmi. Ya taka tsakar gidan da bai taɓa takawa ba, ya zo ya durƙusa kusa da matarsa. Siddiƙa ta waiga ta ce wa Mairamu ta yafe mata, Mairamu ta yi 'yar dariyar nan tata ta fice.

"Ka yi haƙuri, Yaya," ta raɗa masa, tana jan hanci. "Amma dai... ka ce nawa ne ni kaɗai."

"Na ce. Na kuma karya. Ki hukunta ni, Siddina."

Baba ya ji su sarai. Ya raba sauran burodin biyu, ya miƙa mata rabi.

"Ungo, mai kishi da ubanta. Nawa ne tun ba a haife ki ba, aro na ba ki."

Ta karɓa tana dariya da hawaye. Sannan ta kwance ledar, ta buɗe burodin hannun Baba, ta juye masa sauran yajin Inna duka a ƙasa.