Ranar da Ati Ya Ajiye Harmonika

"Wasu makaɗa? A bikin 'yata?!"

Vinko ya daki teburin kicin har farantin kek ɗin potica ya yi tsalle. 'Yarsa Polona ta sunkuyar da kai. Ta san za a rina tun kafin ta ce a ɗauko wasu su yi kiɗan bikinta. Duk ƙauyukan da ke gindin duwatsun Gorenjska, babu amaryar da ta shiga ɗakinta ba tare da Vinko da 'yan kiɗansa sun raka ta da kiɗan rawar polka ba. Shi ke tsara waƙoƙin, shi ke rungume da akwatin kiɗan nan harmonika a ƙirji yana ja yana matsawa, ita kuma Polona tun tana 'yar makaranta take rera masa.

"Ati, ka saurare ni mana..." in ji Polona, da sunan da take kiran mahaifinta.

"Wannan shawarar Gašper ce ko? Mai kiwon zuma ne zai koya mini biki?"

Gašper ɗin, angon nata, jiya ma sai da ya riƙe hannunta a bakin amya ya ce, "Zumata, in Ati ya hau dandamali, kafin a gama shan miya ke ma kin bi shi. Ni da wa zan yi rawa, da kujera?" Ta yi dariya a lokacin, amma maganar ta tsaya mata a rai. Tana son Gašper kamar ranta, tana kuma tsoron karya zuciyar tsohon nan mai taurin kai.

"Ba don shi kaɗai ba ne, Ati. Don Mami ne."

Cilka, mahaifiyarta, ta dakata da goge kofi.

"Ni kuma? Kar ki sa ni a ciki, 'yar nan."

"Sai na sa ki! Ati, a bikinku ma kai ka yi kiɗa, ƙaninka ne ya yi rawar farko da amaryarka. Kowace Asabar Mami na zaune a ƙarshen tebur riƙe da kwat ɗinka, tana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin kujera. Daga dandamali nake hango ta! Matan duniya sun yi rawa da kiɗanka, matarka kaɗai..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Vinko ya miƙe. "To in haka ne, ku sha bikinku. Ba ni zuwa."

Ya fice zuwa rumbun ciyawa. Polona ta share hawaye ta bi shi, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan gado ne. Ta same shi zaune a kan kututture, manyan hannayensa zube a gwiwa kamar bai san inda zai kai su ba.

"Ati, wai kishin makaɗan ne?"

"Su? Ai rabinsu ni na koyar."

"To mene ne?"

Ya kalli takalminsa, kunnuwansa suka yi jawur.

"Ban iya ba."

"Me?"

"Rawa, Polona! Ban iya rawa ba! Tun ina yaro aka rataya mini harmonika, kullum ina sama mutane na ƙasa. Yaushe na koya? Yanzu in fito gaban gari, ni Vinko mai polka, ina tuntuɓe kamar ɗan maraƙi?"

Dariya da kuka suka haɗe wa Polona. Mutumin da ya sa ƙasa guda juyi, ashe kunya ce ta ɓoye shi a bayan kiɗa duk shekarun nan! Tausayinsa ya kama ta sosai.

"Ai na sani."

Cilka ce a bakin ƙofa, tana kwance ƙyallen girkin da ta ɗaura.

"Kin sani?!"

"Tun muna zance. Jira nake ka faɗa da bakinka, tsohon banza. Tashi."

"Cilka, babu kiɗa..."

"Ga mawaƙiyarka nan."

Polona ta soma rera wani sanyayyen valček, waƙar rawar masoya da Ati ya tsara. Vinko ya ɗora hannu a ƙugun matarsa a tsorace. Taku na farko sai a kan yatsunta.

"Wayyo, yi haƙuri, masoyiyata! Na ce miki..."

Cilka ta ƙara riƙe shi, ta kwantar da furfurarta a ƙirjinsa, hawaye na bin kumatunta.

"Taka, Vinko, taka. Ƙafafun nan sun gaji da rawa su kaɗai."